Kunyar da Aka Ɗora wa Mashkura

A unguwarmu ta Takur, nan cikin Dutse, an yi wani zalunci wanda ba a ɗaga wa kowa hannu a cikinsa ba, ba a zagi kowa ba, ba a kuma hana kowa tuwo ba. Da yabo aka aikata shi. Na tsufa ina shiga gidajen mutane, na ga matan da aka cuta da duka, na ga waɗanda aka cuta da yunwa, amma macen da aka rufe da ranta ana sa mata albarka ban gan ta ba sai a gidan maƙwabcina, Malam Mika'ilu.

Malam Mika'ilu ma'aikaci ne a sakatariya. Asalinsu makiyaya ne na ƙasar Taura, kamar yadda nawa iyayen suke, kuma har yau shanunsu na can a hannun dangi. Matarsa Mashkura 'yar kawunsa ce, saboda haka mahaifiyarsa Hajiya Iyatu, wadda ke zaune tare da su, suruka ce ga Mashkura kuma goggonta ce. Bayan haihuwar 'yarsu ta fari, Amatullahi, Mashkura ta kamu da taɓin hankali, tana jin muryoyi, tana amsa wa mutanen da babu su. Aka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, muryoyin suka ɗauke. Gidan ya yi sadakar godiya. Abin da ya rage bayan muryoyin kuwa, ba wanda ya yarda ya kira shi ciwo.

Mashkura ta zauna. Da safe a shimfiɗa mata tabarma a jikin katanga, ta zauna hannuwanta a kan gwiwoyi, idanunta a buɗe. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ba ta tambaya. In an gaishe ta ta ce "Lafiya," ba ƙari. Fuskarta ba fushi, ba murna, kamar gidan da masu shi suka yi ƙaura suka bar ƙofa a buɗe.

A al'adarmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon jama'a, kuma sau da yawa kaka ce ke riƙonsa. Haka Amatullahi ta tashi a ɗakin Hajiya Iyatu, tana kiran kakarta Inna, tana kiran uwar da ta haife ta Adda, kamar yayarta ce.

Wata rana da hantsi ina gidan tare da wasu mata, yarinyar, wadda ta kusa shekara uku, ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi dab da ƙafar uwarta, leɓenta ya fashe. Ta ɗaga kai tana ihu, tana kallon Mashkura. Mashkura ba ta motsa ba. Hajiya Iyatu ta zo ta ɗauke jikarta, ta juyo gare mu fuskarta cike da alfahari.

"Kun gani ko? Ko gira ba ta ɗaga ba. Wannan ita ce kunya ta asali, irin wadda muka taras. 'Yan matan yanzu kuwa, ɗan fari na atishawa sai ka ji, wayyo ɗana, wayyo ɗana, a gaban suruki."

"Allah Ya yi mata albarka," in ji matan. "Hajiya, kin yi dace."

Ni kuwa hannun Mashkura nake kallo. Yatsunta suna rawa kaɗan a kan zanenta, kamar suna son tafiya wani wuri an riƙe su.

Da lokacin komawarta asibiti ya zo, aka roƙe ni in raka su, domin Hajiya Iyatu ba ta son warin magani. A can wata nas mutuniyar Filato, Sista Liyatu, ta daɗe tana hira da Mashkura tana samun amsa ɗaya, sannan ta shigar da mu wurin likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Izzuddeen.

"Ta samu sauƙi ƙwarai, likita," in ji Malam Mika'ilu. "Ko hayaniya ba ta yi."

"Yaushe rabon da ta yi dariya?"

Malam Mika'ilu na ƙoƙarin tunawa, likitan ya ci gaba.

"Malam, ciwon nan, wanda a Turance ake kira sikizofireniya, aiki biyu yake yi. Yana ƙara wa mutum abin da babu, kamar muryoyin da take ji. Yana kuma kwashe abin da akwai: sha'awa, magana, fara'a, da ƙarfin tashi a yi abu. Ƙwayoyin sun danne na farkon. Na biyun kuwa, sau da yawa ƙwaya ba ta kai masa. Shi ne yake cin matarka yanzu."

Ya nuna mana wata 'yar na'ura mai aiki da batir, wadda ba ta kai girman rediyon hannu ba, da soso guda biyu da ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaura a ka. Ya ce wuta ce 'yar kaɗan take bi ta cikinsu, domin ta zaburar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi.

"Wuta a ka?" in ji Malam Mika'ilu. "Irin wadda ake sa wa mutum yana jijjiga?"

"A'a, wancan daban ne. Wannan tana zaune idonta biyu, abin da za ta ji bai wuce ƙaiƙayi ba. Kuma ba zan yaudare ka ba: har yanzu gwada abin ake yi, wasu yana taimaka musu, wasu ba ya yi musu komai. Ba za ta bar ƙwayoyinta ba. Abin da nake roƙo shi ne in an fara a kammala, kullum ranar aiki, har na wasu makonni. In an yanke a tsakiya, abin da aka samu yana iya zubewa."

Aka tambayi Mashkura ko ta yarda. Ta daɗe tana kallon soson, sannan ta ce, "To." Malam Mika'ilu ya amince, tun da asibitin a kan hanyar ofishinsa yake.

Da farko ba mu ga komai ba. Sannan wata safiya ta kurɓi kunu ta ce, "Tsamiya ta yi yawa." Hajiya Iyatu ta kalle ta kamar bango ne ya yi magana. Bayan kwanaki ta nemi a kira mata mai kitso. Ta fara share gaban ɗakinta. Ba warkewa ta yi ba, har yanzu maganarta a gajarce take, fuskarta na da nauyi. Amma wanda ya san ta a da zai gane cewa mai gidan ta dawo tana leƙowa ta taga.

Ana cikin haka dangi suka zo daga Taura gaisuwa, manyan mata, matan yayyen Hajiya Iyatu. Aka dama fura, aka baje a tsakar gida. Amatullahi na wucewa da majina a hanci, sai muka ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Amatullahi."

Ludayi ya tsaya a hannun kowa.

"Amatullahi, zo in share miki hanci."

Yarinyar ta tsaya tana waige-waige, ba ta san muryar ba. Sannan ta taho a hankali. Mashkura ta share mata hanci da bakin mayafinta, ta ɗora ta a cinya, ta sunkuya ta shinshini wuyanta, ta daɗe a haka idanunta a rufe.

"Ikon Allah!" in ji babbar baƙuwar. "Hajiya, ashe surukar taki ta iya suna? Har da ja, kamar mai kiran salla."

"Zaman birni ke nan," in ji wata. "Gobe sai mu ji ta kira mijin ma da sunansa, mu huta."

Suka yi dariya. Hajiya Iyatu ta yi dariyar tare da su, amma jijiyar wuyanta ta tashi.

Washegari da safe, ina zaune muna tsintar wake, Mashkura ta zo ta durƙusa a gaban surukarta kamar yadda ya dace.

"Goggo, ina da roƙo."

"Ina jin ki."

"Ina son yarinyar ta dawo ɗakina."

Hajiya Iyatu ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta jira ɗanta ya fito da makullin mota a hannu, ta ce masa ya zauna.

"Wutar nan da kake kai ta ana sa mata, ta ƙone mata kunya. Jiya ta tsinka ni a gaban matan yayyena. Yau tana neman ƙwace mini yarinyar da na yaye da hannuna, na yi jinyar haƙoranta, lokacin da ita take can tana hira da aljanu. Uwata ta rasu ba ta taɓa furta sunan yayana ba. Ni kaina ka taɓa jin sunan yayarka a bakina? Daga yau an daina."

"Inna, likita ya ce..."

"Likitan ne ya haife ka?"

Na ajiye farantin waken na ce, "Hajiya, a yi haƙuri a kammala. Mace ta yi shekaru ba ta magana, yau ta buɗe baki, abin godiya ne."

"Malama, ke boko kika koyar, mu tarbiyya muka koyar. Kowa ya tsaya inda ya iya."

Malam Mika'ilu ya tashi ya fita. Mashkura na tsaye a bakin zaure da hijabinta, jakarta a hannu, ya wuce ta gefenta yana cewa yau akwai taro a ofis. Washegari ya ce mota na ba da matsala. Rana ta uku bai ce komai ba.

Na tare shi a ƙofar gida da yamma. Ya rusuna ya gaishe ni, domin yaro ne mai ladabi, kuma ladabinsa na daga cikin abin da ya sa al'amarin ya fi ciwo.

"Malama, uwa ce. In ce mata me? Kuma tsakani da Allah, tun da aka fara abin nan ban huta ba. Ina ka je, yaushe za ka dawo, don me 'yata ba ta kwana wurina. Da can gidan lafiya lau, ba ka jin kan kowa. Ai ba dukanta muke yi ba. Ƙwayoyinta ma ban taɓa bari sun yanke ba."

Gaskiya ya faɗa, ƙwayoyin ba su taɓa yankewa ba. Maganin da ke hana ta damun su suna ba ta a kan lokaci. Wanda ke dawo da ita cikin mutane shi suka hana.

Kullum da safe Mashkura na sa hijabi ta tsaya a bakin zaure. Motar ta tashi, ta tsaya har ƙararta ta ɓace, sannan ta koma ciki.

Sista Liyatu ta zo gidan da kanta ranar Asabar. Aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo mata fura da nono mai kyau, Hajiya Iyatu ta karɓe ta da fara'a.

"Mama, mun ga kujerar 'yarku babu kowa, shi ya sa na ce bari in zo in duba ko lafiya."

"Lafiya ƙalau, 'yar nan. Ta warke ne, mun gode muku."

"Mama, ba ta gama ba. In hanya ce matsalar, ni zan riƙa biyowa in ɗauke ta a adaidaita, in dawo da ita."

"Allah Ya yi miki albarka. Amma ku a wajenku ɗa na uwarsa ne, mu a wajenmu na gida ne. Abin da kuke gani ciwo, mu a wurinmu mutunci ne. Sha furarki, kada ta tsinke."

Sista ta nemi izinin gaisawa da Mashkura, na raka ta ɗakin. Mashkura ta kama hannunta da hannu biyu, ta yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta tun ciwonta, tana tsayawa tsakanin kalmomi kamar mai ɗauko su daga rijiya.

"Sista, abin yana dawowa. Ina jin sa. Da can ma ina gani, ina ji. Ranar da ta faɗi bakinta ya fashe, na gani. Na ce wa kaina, tashi. Na ce, tashi mana. Tashin ne ba ya zuwa. Suna ta sa mini albarka." Ta haɗiyi yawu. "Ki ce wa likita ya ajiye mini soson."

Sista Liyatu ta fita tana share ido da bayan hannu. Likita ya kira Malam Mika'ilu a waya ba sau ɗaya ba, shi kuwa ya yi alkawarin zai kawo ta, bai kawo ta ba.

Daga nan kwanakin suka fara gangarowa. Mashkura ta riƙa fitowa bakin zaure da hijabin a hannu maimakon a jiki. Kitson ya tsufa, ba ta nemi a sake ba. Tsintsiya ta koma inda take jingine. Takan kira yarinyar, amma muryar na raguwa, kuma duk lokacin da ta kira sai Hajiya Iyatu ta tuna da wani aike: "Amatu, zo ki miƙo mini carbi."

Wata safiya ina dawowa daga gaisuwar mara lafiya, na hango mace tsaye a bakin babban titi, inda duwatsu suka yi wa hanya inuwa. Mashkura ce, da hijabi a karkace, silifas ɗinta kowace ƙafa da irin nata. Ita kaɗai ta fito, ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba tun ciwonta. Hannunta na dama ya ɗago zuwa ƙugu ya tsaya a nan. Adaidaita na wucewa ɗaya bayan ɗaya, masu su na rage gudu suna tambaya, "Hajiya, ina zuwa?" Leɓunanta na motsi, sauti ba ya fita, su kuma su ja abinsu su wuce.

Na tsallaka na kama hannunta. "Mashkura, asibiti za ki?"

Ta gyaɗa kai.

Na ɗaga hannu zan tsayar mana da abin hawa, sai ga motar Malam Mika'ilu ta tsaya a gabanmu. An yi masa waya daga gida. Ya fito ya nufo mu.

"Malama, don girman Allah ki bar mana al'amarin gidanmu."

"Asibiti za ta, Mika'ilu. Ga shi can, ana hango rufinsa. Ka kai ta da kanka."

"Inna na can tana kuka. In na kai ta yau, da wane ido zan kalli Inna?"

Ya buɗe ƙofar baya. Mashkura ta dubi hanyar asibitin, ta dubi ƙofar motar. Ba wanda ya tura ta. An dai riƙe ƙofar a buɗe har sai da ta shiga.

A gida aka ce ga abin da ake gudu ya faru: wuta ta sa ta fara yawo, haukan zai dawo. Aka sayo kwaɗo aka sa wa ƙofar zaure, Hajiya Iyatu ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Kwaɗon bai yi wani aiki ba, domin Mashkura ba ta sake nufar ƙofar ba. Aka mayar mata da tabarmarta jikin katanga. Ni ma aka rage mini fara'a a gidan, amma ba a hana ni shiga ba, saboda shekaruna.

Tun da da al'ada aka kafa hujja, bari in faɗi abin da na sani game da ita, domin ba wanda zai koya mini ita. Mahaifiyata ma ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Amma in an tatsi nono, ƙwaryar da ta fi maiƙo takan bi ta hannun ƙanwarta ta isa gare shi. Ranar da sa ya tunkuye shi a makiyaya, ita ta riga maza isa wurin, ba ɗankwali, ta ɗauko shi a kafaɗa, kuma ba tsohuwar da ta ce ta yi rashin kunya. Kunyar iyayenmu ta mace ce mai iya tashi, wadda ta zaɓi ta zauna. Wadda ba ta iya tashi ba kunya take yi ba, jinya take bukata, kuma magabatanmu sun san bambancin. Waɗanda suka ƙi saninsa a gidan Malam Mika'ilu ba jahilci ne ya hana su ba. Ɗaya na son riƙe jika, ɗaya na son kwanciyar hankali, sai suka samu suna mai daraja suka lulluɓe bukatarsu da shi.

Ban ce na'urar nan za ta warkar da Mashkura ba. Likitan da kansa bai ce haka ba. Abin da na ce shi ne ta fara dawowa, ta roƙi a bar ta ta ƙarasa, aka mayar da ita.

A makon da ya wuce na shiga gidan da la'asar. Mashkura na inda take. Can gefe kaɗan, a jikin katangar, Amatullahi ta shimfiɗa ɗankwalin kakarta ta zauna a kai, ta ɗora hannuwanta a kan gwiwoyi, ta kafe idanunta a bango, ba ta ko ƙiftawa. 'Yan matan maƙwabta suka leƙo da 'yar tsana suna kiranta.

"Amatu, zo mu yi wasan gida. Ke ce uwa."

Yarinyar ba ta juya kai ba. Da gefen baki ta amsa musu, a hankali, don kada ta ɓata wasanta.

"Ai shi nake yi."